Farin zobe a idona: hoton ido zai iya auna kitsen jini?

Sani Tela, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, ina ɗinkin manyan riguna da aikin wuya a nan Garwa. Shekaruna 38. Ina neman wanda ya san aikin ido ko aikin jini ya haska mini, don kwana huɗu ke nan barcina ba ya nisa.

Ranar Talata wani mutum ya shigo layinmu da jaka a kafaɗa. Ya fito da wata na'ura kamar tocila mai 'yar kyamara a baki, ya haɗa ta da kwamfuta. Ya ce yana auna kolestarol, wato kitsen jini, ba allura, ba ɗiban jini, ba zama da yunwa, sefa dubu biyu kawai. Mu shida muka yi. Da ya zo kaina sai ya ƙara girman hoton ya nuna mini wani farin zobe, fari-fari kamar toka, ya kewaye baƙin idona daga gefe. Ya ce kitse ya toshe mini jijiyoyi, ya fito da wasu ƙwayoyi a kwalba, wata uku sefa dubu arba'in da biyar, wai in na shanye zai dawo ya sake ɗaukar hoto in ga zoben ya ragu.

Ban saya ba, don ba ni da kuɗin a ranar. Amma da na koma gida na ɗauki madubin uwargida na tsaya a tsakar gida inda haske yake, kuma wallahi zoben yana nan, ido biyun duka, ya fi kauri ta sama da ta ƙasa. Kullum ina kallon fuskata ban taɓa lura ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Yayana, wanda ya ɗora ni a kan keken ɗinki, ya rasu shekaru uku da suka wuce yana da shekara 44. Ya dawo daga sallar Asuba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun gero, gumi yana keto masa, kafin a samo babur rai ya yi halinsa. Mahaifinmu ma bai kai hamsin ba, shi ma farat ɗaya. 'Ya'yan yayana uku suna hannuna, ga nawa huɗu.

Ni ba mai jiki ba ne, siriri ne, ba na shan taba. To gaskiya ne hoton ido yana nuna yawan kitsen jini? In nemi bashi in sayi maganin, ko yaya zan yi? Wani abu kuma da ya ɗaure mini kai: yaron shagona mai shekara 17, idonsa tas babu zobe, shi ma an ce masa kitsensa ya hau.

Alhaji Bala, Ngaundare

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka da mahaifinku, ya sa sun huta.

Yaro, kwantar da hankalinka. Wannan zoben ni ma ina da shi, ina da shekara 67, na daɗe da shi, kuma har yau ina karanta Alƙur'ani ba tabarau. Furfurar ido ce. Je ka masallacin unguwarku ka dubi idon dattawan sahun gaba, za ka ga da yawansu suna da shi. Kada ka ci bashi a kan mai jaka a kafaɗa, wanda in ya tafi ba ka san ƙofar gidansa ba.

Hadiza, Marwa

Baba Alhaji, ina gaisuwa. Maganarka a kan bashi da mai jaka daidai ce, haka ma a kan dattawa. Amma ka yi mini izini in ɗan saɓa maka a kan Malam Sani, don shekarunsa ba naka ba ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki.

Malam Sani, zoben da ka gani a takardun asibiti ana rubuta shi da suna arkus, wasu likitocinmu kuma su ce jerontokson. Kitse ne da gaske, amma ba a kan baƙin idon yake ba. Akwai wata fata garai-garai kamar gilashin agogo da ta rufe baƙin ido daga gaba, a gefenta kitsen yake taruwa. Yakan fara ta sama da ta ƙasa, kamar yadda ka kwatanta, sannan a hankali ya haɗe ya zama zobe. In ka duba da kyau za ka ga ɗan siririn layi tsakaninsa da farin ido wanda babu farin a ciki. Ba ya taɓa gani, ba yanar ido ba ce, ba hakiya ba ce, kuma ba a yi masa aiki.

A wurin tsoho abu ne na shekaru, kuma ya fi yawa a maza da kuma mu baƙar fata. Shi ya sa in dattijo ya zo mana da shi ba ma tayar masa da hankali. Amma in ya fito wa mutum kafin shekara 45, wannan wata magana ce daban. Akwai hawan kolestarol na gado, wanda ake haihuwar mutum da shi, hantarsa ba ta iya kwashe mugun kitsen daga jini yadda ya kamata. Ana ƙiyasin mutum 1 cikin 250 a duniya yana da shi, yawancinsu kuma ba su sani ba. Ba ruwansa da ƙiba, siriri kamar ka yana iya zama da shi. In uwa ko uba yana da shi, kowane ɗa yana tsakanin ya gada ko kada ya gada, rabi da rabi. Ma'aunin da likitocin ƙasar Holan suka tsara don gane wannan ciwo ya sa zobe kafin shekara 45 cikin alamomin da ake ƙirgawa, ya kuma sa ɗan uwa na jini namiji da ciwon zuciya ya kama kafin shekara 55. Kai kana da biyun.

Ba na faɗa maka haka don in ƙara maka rashin barci ba. Na faɗa ne don abin yana da magani mai aiki, kuma ba mai tsada kamar kwalbar can ba.

Ka duba abu biyu yau da dare. Fatar idonka, wajen kusurwar hanci, ko akwai wasu tabo rawaya-rawaya masu laushi kamar an shafa kitse a ƙarƙashin fata. Sannan ka shafa agararka, bayan dunduniya, da bayan gaɓoɓin yatsun hannu, ko akwai kumburi mai tauri da ba ya ciwo. Ko ka gani ko ba ka gani ba, ka je a ɗebi jini. A wani babban bincike da aka yi a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, wanda aka buga a 2011, an bi mutum 12,745 har sama da shekara talatin. An ga tabon fatar ido yana tafiya da ƙarin haɗarin bugun zuciya, amma zobe shi kaɗai, in an cire tasirin shekaru da sauran abubuwa, bai nuna komai mai ƙarfi ba. Ka ga ke nan ido yana iya ɗaga maka hannu ya ce je ka duba, amma ba shi da lamba.

Batun cewa zai dawo ya nuna maka zoben ya ragu, wannan ne ya fi ɓata mini rai. Zoben ba ya gogewa. Ina da marasa lafiya da suka shekara suna shan magani, jininsu ya sauka yadda ake so, zobe yana nan inda yake. In hoto na biyu ya nuna ya ragu, hasken fitila aka canza.

Musa, ɗalibi, Ngaundare

Anti Hadiza ta gama da ɓangaren likita. Ni ina karatun kwamfuta a jami'ar Ngaundare, kuma bara na shafe wata huɗu ina gwada irin wannan manhaja da kaina, don haka bari in faɗi yadda take aiki.

Ba sihiri ba ne. Manhaja takan nemo da'ira biyu a hoton: ɗan tsakiyar ido da kuma iyakar baƙin ido da fari. Sai ta warware abin da ke tsakaninsu ta shimfiɗa shi kamar yadda Yaya Sani zai warware wuyan riga ya kwantar a kan tebur. Wannan dabarar ta John Daugman ce na jami'ar Kambirij, ya ƙirƙiro ta ne don tantance mutum ta idonsa, ba don ciwo ba. Daga nan sai a duba gefen waje na shimfiɗar, a auna yawan fari a wurin. In farin ya wuce wani mizani ta ce akwai zobe. Sababbin manhajoji kuma ana ba su hotuna masu zobe da marasa zobe su koyi bambancin da kansu.

To iyakar abin da take gani ke nan: akwai zobe ko babu. Abin da madubin uwargida ya nuna maka kyauta. Daga "akwai zobe" zuwa "kitsenka kaza ne" akwai rami babba, kuma ban ga wanda ya tsallake shi da hujjar da asibiti zai karɓa ba.

Ni da na gwada da wayoyin abokaina, matsalolin da na ci karo da su sun isa. Hasken filasha yana sauka a kan ido ya yi fari, manhaja ta ɗauka zobe ne. Fatar ido ta sama tana rufe daidai inda zoben yake farawa. Waya biyu su ɗauki ido ɗaya su ba da launi biyu, don kowace waya tana gyara hoto yadda kamfaninta ya tsara. Ga kuma wannan tsokar da ke tasowa daga gefen ido ta hau baƙi, wadda ta yi yawa a wurinmu saboda rana da ƙurar hunturu, ita ma tana ruɗa ta. Mutum ɗaya na ɗauka da safe a inuwa ta ce babu, da rana a waje ta ce akwai.

Inda ƙirƙirarriyar basira ta yi abin a zo a gani shi ne hoton cikin ido, can bango na baya inda ake ganin jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru, kuma wannan sai da kyamara ta musamman irin ta asibitin ido. A 2018 masu bincike na Google sun koyar da kwamfuta da hotunan mutum 284,335 daga Ingila da Amurka. Ta iya cankar shekarun mutum da kuskuren kusan shekara uku, ta gane namiji ne ko mace, ta yi hasashen ko yana shan taba, ta kuma kusanci awon hawan jininsa. Lambar kolestarol ba ta cikin abin da suka ce ta fitar. A shekarar ce kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata manhaja mai suna IDx-DR, mai gano ɓarnar ciwon suga a cikin ido ba tare da likita ya duba hoton ba. Don haka aikin yana tafiya, ina kuma fatan wata rana ya iso ƙauyukanmu inda babu labo, wato ɗakin awon jini. Amma sai an koyar da shi da idanunmu, an kuma gwada shi kafaɗa da kafaɗa da awon jini.

Na'urar mai kama da tocila kuwa, ina kyautata zaton irin ta masu "karatun baƙin ido" ce, waɗanda ke cewa kowane lungu na baƙin ido yana wakiltar wata gaɓa ta jiki. Wani likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz von Peczely, ya yaɗa wannan ra'ayi a ƙarni na 19. An gwada shi a Amurka a 1979: aka ba ƙwararrunsu uku hotunan idon mutum 143, 48 daga ciki masu ciwon ƙoda, aka ce su ware. Ba su fi mai canki-canki ba. Shi ya sa ban yi mamakin labarin yaron shagonka ba.

Maman Ummi, Kusiri

Ni dai a ganina kada a yi wa mai na'urar rashin adalci gaba ɗaya. Da bai zo ba, Malam Sani zai duba madubi? Mutane da yawa suna tsoron allura, wasu kuma kuɗin labo ya fi ƙarfinsu.

Hadiza, Marwa

Maman Ummi, na ji ki, kuma tsoron allura da rashin kuɗi gaskiya ne, kullum ina gani. Amma da ya ce masa "je asibiti" da na yi masa addu'a. Abin da ya ce shi ne "sayi kwalba". Da Malam Sani yana da kuɗi a aljihu ranar, da yanzu yana shan abin da ba wanda ya san mene ne, hankalinsa kwance, wata uku suna wucewa. Sannan ki tuna da wanda idonsa babu zobe amma jininsa cike yake da kitse, su ne ma suka fi yawa. In hoto ya ce masa lafiyarsa ƙalau, wa zai sake tura shi awo?

Abakar, Injamena

Malam Sani, ni aikin labo nake yi, bari in gaya maka abin da za ka tarar don kada ka je a duhu.

Ka fara ganin likita, ka gaya masa labarin yayanka da mahaifinku da shekarun da suka rasu, kada ka rage komai. Zai rubuta maka takardar awo, a kanta za ka ga an rubuta bilan lipidique. Yawancin labo za su ce ka zo da safe ba ka ci komai ba tun dare, kamar awa 12, ruwa kawai. Jinin da za a ɗiba bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, allurar kuma ba ta kai sukar da kake sha a yatsa wajen aikin wuya ba.

Takardar za ta fito da lamba huɗu, kuma mu nan Chadi da Kamaru da giram a lita muke rubutawa. Jimillar kolestarol ana so ta kasance ƙasa da 2. HDL, wanda ake kira mai kyau don yana kwashe kitse ya mayar hanta, ana so ya wuce 0.40 ga namiji. Tirigiliserid, wani nau'in kitsen jini, ƙasa da 1.50. Sai LDL, shi ne mai liƙewa a bangon jijiya, shi za ka sa wa ido. In ya kai 1.90 ko ya wuce ga babba, ana zargin na gado. In ka ga ɗan uwa a Najeriya ya ce nasa 200 ne ko 5.2, kada ka rikice, ma'auni ne ya bambanta, duka daidai suke da giram 2 namu.

Ka riƙe takardar da kyau, ka ɗauki hotonta a waya. Da ita za a gwada ta gaba.

Sani Tela, Garwa

'Yan uwa na dawo. Na yi shiru kwana tara don ina so in zo da takarda a hannu.

Anti Hadiza, a daren da kika yi rubutu na shafa agarata. Ta ƙafar dama akwai wani tauri da na daɗe ina ji, ina cewa taka keke ne ya kawo shi. Washegari na je asibiti. Likitan ya saurari labarin gidanmu bai katse ni ba, ya haska idona, ya matsa agarar, ya rubuta awo. Bayan kitsen jini ya ƙara da suga, da ƙoda, da hanta, da wani na maƙoshi, ya ce wani lokaci su ne ke tayar da kitsen, sai an tabbatar ba su ba ne.

Malam Abakar, ga lambobin: jimilla 3.35, HDL 0.45, tirigiliserid 1.00, LDL 2.70. Sauran duka lafiya. Da na ga 2.70 na tuna 1.90 da ka faɗa, sai da na zauna a benci na ɗan jima kafin in koma wurin likita.

Ya ce alamu duka suna nuna na gado ne. Ya ɗora ni a kan atorvastatin, ƙwaya ɗaya kullum, in koma awo bayan wata uku, in kuma na ji ciwon tsoka mai tsanani in dawo kafin lokacin. Kuɗin awon duka da maganin wata na farko bai kai rabin kuɗin kwalbar can ba. Na tambaye shi ko in na daina cin kitse zan iya barin magani. Ya ce rage man shanu da manja da kitsen tsire zai taimaka, in yawaita wake da ganye da kifin Binuwai gasasshe, in riƙa tashi daga kan keke ina taka ƙasa. Amma ya ce yawancin kitsen nan jikina ne ke yin sa da kansa, abinci kaɗai ba zai sauko da 2.70 inda ake so ba, kuma maganin na tsawon rai ne. Wannan ta yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba. Amma na tuna yayana da bai samu wanda zai gaya masa ko da wannan ba.

Baba Alhaji, na gode da ka hana ni cin bashi. Na kuma bi maganarka na dubi sahun gaba ranar Juma'a, zoben yana nan a idon dattawa da yawa. Sai dai yanzu sahun baya nake dubawa, wurin sa'o'ina.

Yaron shagona na biya masa awo don hankalin mahaifiyarsa ya tashi tun ranar. Jimillarsa 1.50, babu komai.

Yanzu abin da ke gabana shi ne gida. Ƙanwata tana aure a Gidar, tana da ciki wata biyar. Likita ya ce ita ma a auna ta, amma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa wannan magani, kuma ciki da kansa yana ɗaga kitsen jini, don haka sai ta je wurin likitanta ya tsara mata lokaci. Ƙanena da ke tuƙin babbar mota tsakanin Ngaundare da Injamena na kira shi sau uku, yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, idonsa ma babu zobe. Na tura masa abin da Anti Hadiza ta rubuta.

Tambayata ta ƙarshe: yaran fa? Babban ɗan yayana shekararsa 15, ƙaramar 8. Nawa daga 11 zuwa 2. Duk na duba idonsu ban ga komai ba.

Hadiza, Marwa

Alhamdu lillahi da ka je, Malam Sani. Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka zuri'a.

Kada ka jira zobe a idon yara, da wuya ya fito a wannan shekarun ko da suna da ciwon, jini ne kawai zai faɗa. A gidan da aka tabbatar da na gado ana so a auna yaro kafin ya wuce shekara 10, don haka mai 15 da mai 11 da mai 8 duk sun isa, kuma 'ya'yan marigayi suna cikin lissafi daidai da naka. In kuɗi ba zai ɗauke su gaba ɗaya ba, fara da manyan, wata mai zuwa ka kai na biye. Na shekara 2 ka tambayi likitan yara lokacin da ya ga ya dace. Ka tafi da takardarka duk ranar da za ka kai su, likita ya ga lambarka da idonsa.

Ƙanenka kuma, in motarsa ta kwana a Marwa, ka ce masa kada ya karya kumallo, ya nufi labo tukuna kafin ya kama hanyar Kusiri.